Bargon Tsohon Zare

Damina ce, tsakiyar marka, shekarar da ruwa ya ƙi tsagaitawa. Shanya takan wuni a igiya ta kwana ba ta bushe ba, itace ya ƙi kamawa, hanyar da ta fita daga ƙauyenmu zuwa titin Tiga ta koma taɓo, sai mai babur mai ƙarfin hali ke shiga. Shekara ce mai nauyi. Taki ya yi tsada, hatsin bara ya ƙare a rumbu da wuri, duk wanda ya sami wani abu a hannu, tukunya yake fara tunawa. Zaren ulun da nake saƙa da shi ya tashi, har direban da ke sayo mini daga Kano ya ajiye mini a Kwanar Dangora ya soma jin nauyin faɗa mini farashi. Ga kuma bargunan kanti sun cika kasuwar Tudun Wada, masu laushi, cikin jakar leda mai zif, da hoton zomo a jiki. Mace za ta ɗaga nawa ta juya shi, ta yaba, ta ajiye, ta sayi wancan. Ban ga laifinta ba.

Na fara da wannan shekarar ne saboda ku 'yan matan da kuke zuwa wurina koyo. Kuna kallon wata a waya ta gama bargon jariri kafin shayi ya huce, sai ku zo da zarenku kuna cewa a nuna muku kawai yadda ake canza launi, sauran kun iya. Ba na jin haushi, ni ma da na ga abin da farko haka na ɗauka. Amma tunda Allah Ya sa na koyi rubutu, ko da girma ya riga ya kama ni, bari in rubuta muku abin da ba na samun sukunin faɗa idan kuna ta hira.

Ina da 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu, Malama Ladi, mutuniyar Doguwa ce, doguwar mace mai magana a hankali. Bayan la'asar muke zuwa, mu yi baƙi da wasali, ranar Alhamis kuma ta fito da kwarashi da zare ta koya wa mai so. Irin saƙar da na riƙe har yau, ita takan kira ta saƙar goyo. Zare biyu ake aiki da su, wani lokaci uku, amma ɗaya ne kawai yake kan kwarashi. Ɗayan kwantar da shi ake yi a kan layin da aka gama, a riƙa saƙawa a kansa ana rufe shi, yana tafiya a ciki ba a ganinsa, kamar ɗa a bayan uwa an ja mayafi. Idan aka zo inda launinsa zai fito, sai a sauke na hannu a ɗauko shi, wancan kuma ya koma ciki. Ranar da ta fara nuna mana, sai na tuna mahaifiyata. Kafin ruwan dam ya ci tsohon garinmu a tashe mu zuwa nan, faifai take saƙawa, ta kwantar da ciyawa a ciki tana naɗe ta da rinanniyar kaba. Na gaya wa Malama haka, ta ce to ai hannuna ya riga ya san hanya, kaina ne kawai zai bi.

Kai ya daɗe bai bi ba. Bargona na farko tattarewa ya yi kamar fatar da aka shanya a rana, saboda ina jan zaren ciki da ƙarfi. Na biyu na sassauta, sai ga ja yana leƙowa ta cikin fari ko'ina. Malama ba ta taɓa fara duba fuskar aiki ba. Juya shi take yi, ta shafa bayan da tafin hannu, ta sa ɗan ƙaramin yatsanta tana neman inda zai shiga. In ya shiga, warwarewa za ki yi. Takan ce yatsan jariri bai kai nata rabi ba, kuma jariri ba ya iya cewa zare ya shaƙe masa yatsa, kuka kawai zai yi a ɗauka ciki ne. Dalilin saƙar goyo ke nan a bargon jariri. Ba don ado kaɗai ba ne, don kada a sami zare ko ɗaya yana lilo a baya.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Kwarashin ƙarfe nake so, na roba lanƙwasa yake yi idan saƙa ta yi tsauri, irin wannan kuwa dole ta yi. Nakan naɗe gindinsa da ɗan yankin tayar keke ta ciki don kada ya ci mini yatsa. Sai almakashi, da allura mai babban ido, da littafin lissafi mai gida-gida inda nake zana abin da zan fitar, kowane gida a takarda shi ne gida ɗaya a saƙa. Sai kwanuka biyu masu murfi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane da dunƙulen zarensa. Wadda ta zuba zarenta biyu a kwano ɗaya, ranar nan warware sarƙiya za ta wuni tana yi. Murfin kuma saboda kaji ne da 'yan awaki.

Masu sayen kaya iri-iri ne. Akwai wata Bafulatana daga wajen Doguwa da ta taɓa zuwa da faifan da take rufe ƙwaryar nono, ta ce wannan zanen take so sak, kada in ƙara kada in rage. Na zauna na ƙirga shi cikin littafi, ya fito, har yau ina yin sa. Akwai kuma wani saurayin ango daga Bebeji da ya aiko ƙanwarsa, an yi masa ɗan fari, yana so a saƙa sunan yaron da manyan baƙaƙe a tsakiya. Sunan Manzon Allah aka sa wa yaron. Na ce ta koma ta gaya masa in dai haruffa ne na iya, amma ya tuna abin da jariri ke yi a kan bargo safe da yamma. Ta dawo tana dariya, ta ce ya ce a yi masa taurari.

To, a cikin markar da na faɗa muku, ina zaune a ƙofar ɗaki babu aikin kowa a hannuna, sai ga Rabi ta yi sallama, ta lulluɓe da buhu, da kasko a hannu wai garwashi ta zo nema. Rabi matar Sale ce, masunci, da shi da mahaifiyarsa Inna Kande suke gida ɗaya a bayan masallaci. Tsakanin gidansu da nawa akwai gidaje da yawa masu wuta, saboda haka na san ba garwashi ya kawo ta ba. Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, na tambayi Inna, na tambayi jiki. Cikinta ya riga ya fito.

Kowa a ƙauyen ya san labarin Rabi. Sau uku tana haihuwa, babu wanda ya tsaya. Na ƙarshen shi ya fi daɗewa, har ya fara rarrafe. Irin wannan mu a nan wabi muke cewa, kuma tsofaffinmu suna da yadda suke bi da shi. Ba a shirya wa mai zuwa komai, ba a nuna ana ɗokinsa, a yi kamar ba a damu ba, wai ko mutuwa ta ga ba abin so ba ne ta wuce. Rabi ta gaya mini, tana wasa da bakin kaskon, cewa Inna ta kafa doka a wannan karon. Ko hular jariri kada ta shigo gidan. Abin da Allah Ya kawo, a tsohon zaninta za a naɗe shi. Kayan na baya duk Inna ta bayar tun ranar da aka dawo daga maƙabarta.

Na ce mata ai Inna ba don mugunta take yi ba. Ta ce ta sani.

"Yaya," ta ce, "ni dai so nake in ninke wani abu in sa a ƙasan akwati, in san nasa ne. Ina zaune a gidan nan kamar wadda ba ta jiran kowa."

So take in yi mata bargo a ɓoye, in ajiye a wurina, ta riƙa zuwa tana gani. Na zuba mata garwashin, na ce ta ba ni lokaci.

Ni dai ban yarda zare yana rayawa ko yana kashewa ba, rai a hannun Allah yake, haka malamanmu suke faɗa kuma haka ne. Amma ƙauye ba ya ɓoye abu. Idan Inna ta ji, zaman Rabi a gidan zai yi ɗaci a lokacin da ta fi bukatar kwanciyar hankali. Idan kuma Allah Ya sake karɓar abinSa, har Rabi ta mutu za a riƙa cewa ita ta jawo da rawar kai. Tsohuwar nan kuwa jikoki uku ta wanke da hannunta, ba ni ce zan je in gaya mata tsoronta camfi ne ba. Ina cikin wannan tunani sai na tuna wani abu da na gani ina yarinya, farkon zuwanmu nan. Idan mai wabi ta kusa sauka, wata dattijuwa takan bi gidajen da 'ya'yansu suka rayu, ta roƙi tsumma, da shi za a tari jaririn. Wato akwai ƙofa a cikin al'adar ita kanta. Kuma ni na san gidajen da bargunana suke, na san 'ya'yan da suka kwanta a cikinsu, wasu har sun shiga sakandare.

Da ruwa ya ɗan ɗauke na tafi wurin Inna Kande da goro. Na same ta tana gyaran kifi a tsakar gida, Rabi na ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, muka taɓa zancen ruwa da tsadar masara, sannan na kawo maganar a hankali, kamar ni ce abin ya zo mini. Na ce ina so in bi gidaje in roƙo tsofaffin barguna, in warware, in haɗa ɗaya daga cikinsu, babu sabon zare ko kamu ɗaya. Ta ci gaba da kankare kifinta.

"Shekaranjiya na ga sawun 'yar nan a taɓo," ta ce. "Garwashin gidanki ya fi na kowa zafi ne?"

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ta ce ita ba ta aike ni ba, ba ta kuma hana ni ba. Abu biyu ne, kada bargon ya shigo mata gida sai ta gan shi da idonta, kuma kada Rabi ta sa masa hannu. Na ce na ji.

Roƙon ya fi yadda na zata wuya. Gidan farko na ƙawata Asabe ne, wadda bakinta ba ya hutawa. Da ta ji abin da ya kawo ni ta ce ashe kasuwa ta mutu har na fara bin gida-gida ina karɓe abin da na sayar. Da na yi mata bayani sai ta shiga ɗaki ta fito da na autanta, ta ce in ɗauka, yaron nan ko jakin dawa bai kai shi ƙarfi ba. Wani bargon na same shi an rufe kwandon kaza mai kwanci da shi. Wani kuma maigidan ne ya shimfiɗa shi a kujerar babur, sai da matar ta jira ya yi barcin rana ta zare. Wata kuma ta hana ni, ta ce tana tsoron kada abin ya biyo zaren ya shigo mata gida. Na ce Allah Ya raya mata nata, na fito, kuma har yau muna gaisawa. Na je har wani ƙauye ta wajen Kiru a kan babur, taɓo har gwiwa, don wani shuɗi da na tuna na yi wa tagwaye.

Ga abin da wayar ba za ta nuna muku ba. Saƙar goyo daɗin yi gare ta idan an iya, amma warware ta azaba ce. Kina jan zare ɗaya, na cikin yana biyowa yana naɗe shi, dole ki tsaya kowane ɗan taƙi ki raba su, ki naɗe kowane dabam. Zaren da ya sha wanki shekara da shekaru kuma ya manne da juna, ga shi ya rube a wasu wurare, kina ja yana tsinkewa. Abin da ya fito duk a murɗe yake kamar gashin da aka tsefe. Sai na naɗe shi a bayan kujera, na ɗaure, na wanke da sabulu, na rataye da ɗan dutse a ƙasa don ya miƙe. Rana kuwa babu. Na shanya a madafi, ya bushe yana warin hayaƙi, na sake wankewa na jira ranar da gari ya yi haske. Launukan duk sun koɗe. Jan ya koma kamar jar ƙasa, farin ya zama ruwan madara, shuɗin ne kawai ya riƙe kansa.

Da na zauna saƙa, littafina bai yi mini amfani ba. Ba zan iya zana komai ba tunda ban san inda kowane launi zai kai ni ba. Sai na ɗauki zanen da ya fi sauƙin juyawa, irin mai hawa-hawa kamar matakala, wanda in launi ya ƙare za ki shigo da wani ba a ga aibu ba. Zaren guntu-guntu ne, wani bai fi tsawon hannu ba. A nan ne irin wannan saƙar ta yi mini rana, don kowane ƙarshen zare kwantar da shi nake yi tare da na ciki in rufe, ba ƙulli ko ɗaya da zai taɓa fatar jariri. Wani zaren ya fi wani kauri, sai in sassauta hannu a nan in matse a can don layi ya tafi daidai. Sau ɗaya shuɗin ya yanke mini a tsakiyar hawa, dole na warware kusan taƙi guda na sake rabon sa. Ban taɓa yin aikin da ya ci mini ido da yatsu kamar wannan ba, kuma shi ne aikin da bai kawo mini ko sisi ba a shekarar da nake nema.

Rabi ba ta ga ko gefensa ba, don na yi wa Inna alkawari. Idan za ta wuce takan tsaya a zaure ta yi sallama, in fito mu gaisa, in ce mata aiki yana tafiya. Sai ta gyaɗa kai ta wuce. Amma na lura ta fara kitso, ta fara zama cikin mata idan ana surfe. Awo kuma ba ta fasa ba, Sale yana kai ta asibiti a babur duk ranar da aka ce ta koma. Wannan Inna ba ta hana ba. Takan yi 'yar mita a kan hanya, amma lemarta take miƙa mata.

Ruwa ya ja baya, an fara karyar gero, na gama. Na yi masa baki mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar gefen ganye da ragowar farin, don a wurinmu aikin da ba a yi wa baki ba bai gamu ba. Bakin ne yake riƙe bargo ya zauna sosai, shi ne kuma mai saye yake fara kamawa. Na wanke, na ninke, na sa a cikin zani na kai wa Inna da yamma.

Ta sa aka fito mata da tabarma inda haske yake. Ta buɗe shi a cinya, ta juya, ta kai hanci ta shinshina, ta bi layukan da yatsa. Ta tambaye ni shuɗin nan na gidan wa ne, na faɗa mata. Jan fa? Na faɗa mata. Kowane gida na ambata sai ta tambayi yaron, yana ina, me yake yi yanzu. Sannan hannunta ya kai bakin, ya tsaya.

"Tsoho ne, na yarda," ta ce. "Amma kin gama shi."

Na ce eh, Inna.

"Abin da aka gama tsaf, ai cewa aka yi an tabbata mai shi zai zo ya zauna. Ni ban tabbata ba. Cire wannan."

Na yi mata bayani a hankali cewa in babu bakin gefen zai riƙa nannaɗewa, zai yi kamar aikin 'yar koyo, kuma ranar suna duk matan da za su zo sun san hannuna ne. A shekarar da ciniki ya riga ya yi baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

"Sai su faɗa," ta ce. "Ni an faɗa a kaina abin da ya fi wannan."

Na dubi ƙofar ɗakin Rabi, labulen yana ɗan motsi. Na nemi ƙarshen zaren na kama, na warware bakin a gaban Inna, zagaye guda, na ƙulle ƙarshen layin don kada ya bi. Da na gama ta karɓa ta ninke da kanta, ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Ke, zo ki ɗauke wannan tsumman daga gabana, ki nemi inda za ki cusa shi." Rabi ta fito ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Ba ta dubi kowa ba ta koma ɗaki, muka ji ƙarar murfin akwati.

A asibitin Tudun Wada ta sauka, mace, 'yar ƙarama. Da tsohon zanin Inna aka fara naɗe ta, sannan aka ɗora bargon a kai. Ranar suna aka raɗa mata Hafsatu, amma Inna ta ce ita Ayashe za ta riƙa kira, irin sunan da ake ba ɗan da ake nuna ba a damu da shi ba. Abin da na yi tsammani kuma ya faru. Gefen bargon ya nannaɗe, mata suna ɗaga jaririya suna dubawa. Wata baƙuwa da ta riga ta yi mini maganar aiki ta tambaya ko wannan ne hannun da ake yabo, daga ranar ban sake jin ta ba. Asabe ta so ta ba ta amsa, na taka mata ƙafa. Ba nawa ba ne in yi bayani a cikin taro.

Daga nan sai jira. Ba na yawan shiga gidan, don kada in zama kamar mai zuwa duba wani abu. A hanya nake ganin su, yarinyar a baya, bargon a kanta, yana ƙara koɗewa. Ta yi zama. Ta yi rarrafe, ta kai inda ɗan'uwanta ya tsaya, a lokacin kuwa ko sunanta mutane ba sa son ambata da ƙarfi. Wajen fitar haƙori zazzaɓi ya kama ta da gudawa, aka kwantar da su a asibiti. Ina da aikin wasu a hannu a lokacin, don ciniki ya fara dawowa, masu bargon kanti sun ga yadda yake zubar da gashi bayan wanki. Aikin nan bai ƙaru da layi ɗaya ba sai da na ji ƙarar babur ɗin Sale ya dawo da su. Ta tashi. Ta yi tafiya. Aka yaye ta, aka kai ta ɗakin Inna kamar yadda ake yi, tana kwana a bayan tsohuwar da ke cewa ba ta damu da ita ba.

Wata yamma bayan yayen, ina zaune da aiki a cinya, na ji sallamar Inna Kande a zaure. Ba ta saba shiga gidajen mutane ba, ƙafa ta fara ba ta wahala. Na tashi da sauri na taro ta, na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Yarinyar na riƙe da gefen zaninta, da ɗan guntun rogo a hannu. Muka gaisa, ta huta, sannan ta kwance ƙullin da ta zo da shi. Bargon ne. Ya yi laushi, ya huje a wuri ɗaya, gefen ya nannaɗe kamar tabarmar da aka jingine.

"Ga aikinki da kika bari," ta ce. "Ki ƙarasa."

Na ce to, Inna, sai dai farin da na cire na riga na yi amfani da shi, amma zan nemi wani tsohon.

"Wa ya ce miki tsoho? Sabo za ki sa." Ta janyo yarinyar ta goge mata hanci da bakin mayafi. "Hafsatu, gai da Yaya."

Ban taɓa jin ta kira ta da wannan sunan ba. Na tambaye ta wane launi take so, ta ce ita me ta sani a launi, in tambayi uwar.

Washegari da safe na share tsakar gida, na wanke bargon na shanya, na yafa mayafi na tafi gidansu. Na sami Rabi tana hura wuta. Na tambaye ta launi, ina shirin lissafa mata waɗanda ake samu, amma ba ta bari na fara ba. Ta ce ruwan ɗorawa, tun kafin ta haihu ta zaɓa. Daga nan na tari mai babur zuwa Kwanar Dangora, don in riski direban kafin ya ɗauki hanyar Kano.